Raƙumar dawar da ta taka da ƙafarta zuwa Paris: shin tarihi yana bukatar gishiri?

Baba Malam:
Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Jiya bayan isha'i jikata ta miƙo mini wayarta ta ce, "Kaka, kalli wannan." Wani gajeren bidiyo ne, wai kamfanin Pepsi ya taɓa mallakar rundunar sojan ruwa ta shida mafi ƙarfi a duniya. Na kalla sau biyu, raina ya ɓaci. Akwai ƙwayar gaskiya a ciki, amma an zabga mata gishiri har ba a jin ɗanɗanonta. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da tarihi, kuma har gobe ina kan bakana: abin da ya faru da gaske ya fi wanda aka ƙawata ban mamaki, in dai an yi haƙuri an bi shi daki-daki. Bari in kawo muku guda ɗaya, ku yi mini alƙalanci.

A 1826 Muhammad Ali Pasha, mai mulkin Masar, ya aika wa Sarkin Faransa Charles na 10 kyautar 'yar raƙumar dawa. A wajen Sennar ta ƙasar Sudan aka kama ta tana ƙarama, aka ɗora ta a bayan raƙumi, daga nan aka sa ta a jirgin ruwa aka gangaro Kogin Nilu har Iskandariya. Da za a haye teku da ita, ɗakin kayan jirgin ya yi mata gajarta, sai aka huda rufinsa. Gangar jikinta tana ƙasa, wuya da kai suna waje tana kallon ruwa. Aka haɗa ta da shanu uku masu ba ta madara. A watan Oktoba ta sauka a Marseille. Rabon Turai da ganin raƙumin dawa mai rai ya haura shekara 300.

To, yaya za a kai ta Paris? An ga sake sa ta a jirgi kasada ce. Aka bari hunturu ya wuce, ranar 20 ga Mayu 1827 ta kama hanya da ƙafarta. Kusan kilomita 900, kwana 41. Aka ɗinka mata rigar ruwa daidai jikinta saboda ruwan sama. Shanun suna gaba, tana biye da su, 'yan sanda a kan dawaki suna buɗa hanya, duk garin da aka shiga jama'a sun yi dafifi. Wani babban masanin dabbobi, Geoffroy Saint-Hilaire, yana da shekara 55, ya rako ta tun daga Marseille. Ranar 9 ga Yuli aka kai ta gaban sarki. Paris ta rikice. Mata suka dinga tayar da gashin kai sama wai irin wuyanta, aka zana ta a faranti da yadi da kayan ado.

Ku faɗa mini, a ina wannan labari yake bukatar ƙari?

Ɗalibar Ilimi:
Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ramin nan da aka huda a jirgi ya tsaya mini a rai. Amma me ya sa Muhammad Ali ya sha wannan wahala? Ruwa ba ya tsami banza.

Baba Malam:
Kin yi tambayar ɗalibi, 'yata. A lokacin Girkawa suna yaƙin ɓallewa daga Daular Usmaniyya, kuma sojojin Masar ƙarƙashin ɗansa Ibrahim Pasha ne ke murƙushe su a madadin Sarkin Musulmi na Istanbul. Jama'ar Faransa kuwa zuciyarsu tana tare da Girkawa. Kyautar ta neman sanyaya zuciya ce. Ya aika wata Landan, ya aika wani Vienna, duk ba su yi tsawon rai ba. Ta Paris ce ta rayu har 1845.

Kyautar ba ta biya bukata ba. Wata uku da 'yan kwanaki bayan ta tsaya gaban sarki, ranar 20 ga Oktoba 1827, jiragen yaƙin Faransa da Ingila da Rasha suka haɗu a Navarino suka ragargaza jiragen Masar da na Usmaniyya. Ana tururuwar kallon kyautar mutum a Paris, ana nutsar da jiragensa a gaɓar Girka.

Ɗan Bidiyo:
Allah gafarta Malam, da girmanka, amma ni sana'ata ke nan, bari in yi magana a madadin 'yan'uwana. Daƙiƙa uku muke da ita. In mutum bai ji abin da ya fizge shi a daƙiƙa ukun farko ba, ya shafa waya ya wuce. Wannan labari da ka kawo, wallahi ya yi daɗi, amma minti nawa ya ɗauke ni ina karantawa? Jikarka da ta kawo maka bidiyon Pepsi, da an fara da cewa "kuɗin Tarayyar Sobiyet ba ya canjuwa a kasuwar duniya", da ta tsaya? Da ba ta tsaya ba. Gishirin nan da kake ƙi, shi ya kawo ta wurinka, shi kuma ya sa muke wannan hira yanzu. Miya ba gishiri wa zai sha?

Mai Rediyo:
Ƙanena, bari in ba da ainihin labarin Pepsin, sai mu gani ko ba ya fizgar mutum. A 1959 Amurka ta yi baje koli a Mosko. Richard Nixon, yana mataimakin shugaban ƙasa, ya ja shugaban Tarayyar Sobiyet, Nikita Khrushchev, zuwa rumfar Pepsi, aka miƙa masa kofi ya kurɓa, masu hoto suka ɗauka. A 1972 aka ƙulla yarjejeniyar sayar da lemon a Tarayyar Sobiyet. Sai ga cikas: kuɗinsu ba ya da amfani a wajen ƙasar. Sai aka koma cinikin ba ni gishiri in ba ka manda, su karɓi sinadarin lemo, su biya da barasarsu, Pepsi ta sayar a Amurka. A 1989 aka ƙara da tsofaffin jiragen yaƙi masu nitso guda 17 da wasu jiragen yaƙi uku. Duk sun gama aiki, ƙarfen gwangwan ne, an saye su ne don a yayyanka. Ba matuƙi, ba makami mai aiki, ba wanda ya fita sintiri da tutar lemo.

Ka ga ƙasar da ta riga kowa aika mutum sararin samaniya, ta kai matsayin da sai ta kwaso tsofaffin jiragenta kafin ta biya kuɗin lemo, shekara biyu kacal kafin ta wargaje. Ni wannan ya fi girgiza ni. Wanda ya tafi da "runduna ta shida" dariya kawai ya samu, bai fahimci halin da ƙasar ta shiga ba.

Ɗan Bidiyo:
Yaya, na yarda naka ya fi zurfi. Amma ka lura, da kanka sai da ka ajiye maganar aika mutum sama a ƙarshe don ta doki zuciya. Wannan ma dabara ce irin tamu.

Mai Rediyo:
Dabara ce, ban musa ba. Jera gaskiya yadda za ta shiga kunne daban, ƙara abin da bai faru ba daban. Na farko gwaninta ce.

Hajiya Babba:
Sannunku da hira. Malam, labarin raƙumarka ya tuna mini da giwar Halifa Haruna Rashid, wadda maigidana, Allah ya jiƙansa, yake yawan ba yara labarinta. A 797 Sarki Charlemagne na Turai ya tura jakadu biyu Bagadaza, tare da wani Bayahude mai suna Ishaƙu. Jakadun duka biyu suka rasu a tafiyar. Ishaƙu shi kaɗai ya juyo, yana jan giwa, kyautar Halifa. Sunanta Abul Abbas. Ya bi ta Arewacin Afirka, ya haye teku ya sauka Italiya a watan Oktoba na 801. Ƙanƙara ta rufe duwatsun Alps, sai ya yi zaman hunturu a wani gari mai suna Vercelli, da hanya ta buɗe ya tsallaka da ita. Ranar 20 ga Yuli 802 ya isa fadar sarki a Aachen. Shekara biyar da barinsa gida. Giwar ta rayu har 810, ta mutu lokacin da sarkin ya fita yaƙi da Sarkin Denmark.

Abin da ya sa na kawo shi: kwanan nan na ji ana cewa wai farar giwa ce. Marubutan fadar da suka gan ta da idonsu ba su ce fara ba ce, daga baya aka shafa mata farin. Ni kuma abin da ke taɓa ni shi ne mutumin. Abokan tafiyarka sun mutu, ba mai sa maka ido, ga dabbar da ke cin abincin mutum hamsin, amma ka riƙe amana har ka kai ta. Ana ta zancen launin giwa, an manta da Ishaƙu.

Baba Malam:
Ranki ya daɗe, Hajiya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Allah ya jiƙan maigida. Duk inda aka ƙara gishiri, ki duba da kyau, akwai wani bawan Allah da aka ture gefe don gishirin ya samu wuri. Ita ma raƙumar tana da nata Ishaƙun, zan dawo kansa.

Ɗan Bidiyo:
To Baba, bari in kawo wanda ya fi mini ciwo, a nan ba zancen neman 'yan kallo nake ba. Mansa Musa. Na tashi ina jin kamar baƙar fata ba shi da tarihi sai na bauta. Ranar da na fara ganin an rubuta cewa mutumin da ya fi kowa kuɗi a tarihin duniya Sarkin Mali ne, dala biliyan 400, wallahi sai da na ji ƙwalla. Na tura wa duk wanda na sani. Yanzu in ka ce adadin nan ba shi da tushe, me ka bar wa yaron da shi ne abin alfaharinsa na farko?

Baba Malam:
Ɗana, na ji wannan magana har cikin raina, kuma ba zan raina ƙwallarka ba. Amma saurara. Adadin nan bai fito daga wani littafin tarihi ba, wani shafin intanet mai lissafa dukiyar shahararru ne ya yaɗa shi a 2012. Ba wanda ya ƙirga zinariyar Mali a ƙarni na 14, balle a mayar da ita dala. Ranar da yaron naka ya yi gardama da wanda ya san haka, za a kayar da shi a gaban jama'a, kuma daga ranar zai fara shakkar duk sauran abin da aka faɗa masa, har da na gaskiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ga abin da zan bar masa. A 1324 Musa ya sauka Alƙahira a hanyarsa ta hajji. Aka ce ya je ya gai da Sarkin Masar al-Nasir Muhammad, ya yi ta nokewa, domin al'adar fadar ita ce baƙo ya sumbaci ƙasa, shi kuwa ya ce hajji ya zo yi. Da aka matsa, ya shiga, ya ce ga Allah da ya halicce shi zai yi sujada. Masanin nan al-Umari ya zo Alƙahira shekara 12 bayan haka, ya tarar har lokacin ana zancensa, ya rubuta cewa kafin zuwan mutanen Mali miskalin zinariya ba ya sauka ƙasa da dirhami 25, bayan zuwansu kuwa bai ƙara wuce 22 ba. Wannan shaida ce ta mutumin zamanin, da alƙaluma a hannunsa.

Sannan ga abin da masu bidiyo ba sa faɗa: da ya dawo daga Makka guzurinsa ya ƙare, sai da ya ci bashi wurin attajiran Masar. Ɗaya daga cikinsu, Sirajuddin ibn al-Kuwaik na Iskandariya, ya bi shi har Mali don karɓar kuɗinsa, ajali ya riske shi a Tambutu. Matafiyin nan Ibn Battuta da ya je garin ya ga kabarinsa, ya kuma rubuta cewa an biya ɗansa kuɗin. A 1375 masu zana taswira a tsibirin Majorca suka zana Musa zaune a kan karaga, da curin zinariya a hannu. Sarki mai kyauta har ya ƙarar, mai cin bashi, mai biya, wanda sunansa ya kai Turai a zamanin da ba jarida. Wannan mutum ne mai jini a jika. Dala biliyan 400 lamba ce kawai.

Ɗalibar Ilimi:
Baba, wannan ciwon ƙara lamba ashe tsoho ne. Masanin tarihi Ibn Khaldun tun a farkon littafinsa Muƙaddima ya yi kuka da shi. Ya ce in aka zo maganar yawan runduna ko yawan dukiya, mutane ba sa iya riƙe harshensu, domin rai yana son abin al'ajabi, kuma ba mai tuhumar mai ba da labari. Har ya ɗauki adadin mayaƙa 600,000 da ake cewa suna tare da Annabi Musa, alaihis salam, ya auna shi da faɗin ƙasa da yawan zuriyar da za a iya haifa a 'yan ƙarnoni, ya nuna lissafin bai zauna ba. Abin da ya koya mini shi ne in tambayi labari: filin ma zai ɗauke su?

Autan Zaure:
Ni dai ga nawa, kuma wannan gaskiya ne ba gishiri 😂 Yaƙi mafi gajarta a duniya, Ingila da Zanzibar, minti 38! Kafin a gama karin kumallo an gama yaƙi, sarki ya ari na kare. Duk lokacin da na tuna sai na yi dariya.

Baba Malam:
Auta, lambarka daidai ce, wasu su ce 38, wasu su ce 40 da 'yan kai. Amma zo kusa in gaya maka abin da ke cikin mintunan nan, in ka ji ka ga ko dariyar za ta zo.

Ranar 25 ga Agusta 1896 Sarkin Zanzibar Hamad bin Thuwaini ya rasu ba zato. Ɗan'uwansa Khalid bin Barghash, wanda mahaifinsa ya taɓa sarautar, ya shiga fada ya hau karaga. Turawan Ingila suka ce ba a naɗa sarki sai da yardarsu, kuma Hamud bin Muhammad suke so. Suka ba shi wa'adi: ƙarfe 9 na safiyar 27 ga wata ya sauke tuta ya fita. Ya ƙi. Mutum wajen 2,800 suka taru a fadar, da yawansu bayi ne da barorin gida da talakawan gari, ba sojoji ba. Ƙarfe 9 da minti 2 jiragen yaƙi da ke tsaye daf da gaɓa suka buɗe wuta. Ginin akwai katako da yawa, ya kama da wuta. Jirgin ruwan sarki mai suna Glasgow ya mayar da martani, aka nutsar da shi. Kafin 10 saura kwata an yi tsit.

Mutum wajen 500 aka kashe ko aka raunata a ɓangaren Zanzibar. A ɓangaren Ingila sojan ruwa ɗaya ne ya ji rauni, kuma ya warke. Raba 500 da 38 ka gani, sama da mutum goma sha uku a kowane minti. Bayan haka aka sa magoya bayan Khalid su biya kuɗin harsasan da aka harbe su da su.

Ka ga nan ba a ƙara ko kalma ɗaya ta ƙarya ba. An dai yanke labarin ne daidai inda zai ba da dariya.

Autan Zaure:
Innalillahi. Baba, wallahi ban taɓa jin adadin mutanen ba. Na goge dariyar a raina. Allah ya jiƙan waɗanda suka mutu. Shi Khalid ɗin yaya ya ƙare?

Mai Rediyo:
Ya fake a ƙaramin ofishin jakadancin Jamus, Turawan Ingila suka kewaye wurin suna jira ya taka ƙasa su kama shi. Ofishin yana bakin teku. Ranar 2 ga Oktoba Jamusawa suka jira ruwa ya cika ya kawo har bakin ƙofar lambu, suka matso da kwalekwale, ya taka daga harabar ofishin kai tsaye zuwa cikinsa, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasar Zanzibar ba. Suka kai shi Dar es Salaam. Wajen shekara 20 yana can, sai lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya faɗa hannun Ingila. Suka kai shi gudun hijira tsibiran Saint Helena da Seychelles, ya rasu a Mombasa a 1927.

Kuma ga abin da ya sa tsigar jikina ta tashi ranar da na gano shi. Kwamandan da ya ba da umarnin harbin, Harry Rawson, wata shida bayan haka, a Fabrairun 1897, shi ne ya jagoranci rundunar da ta ci birnin Benin, aka ƙone shi, aka kwashe kayan tagulla da hauren giwa da har yau ake fafutukar a dawo da su, aka kai Oba Ovonramwen Kalaba. Mutum ɗaya, fada biyu, wata shida.

Hajiya Babba:
Allah ya kyauta. Amma don adalci, tunda gaskiya muke bi, a faɗi ɗaya gefen ma. Zanzibar ta daɗe tana cikin manyan kasuwannin bayi na gabashin Afirka, kuma gonakin kanumfarinta da gumin bayi aka gina su. Sarkin da aka ɗora, Hamud, shi ya sa hannu a dokar 1897 da ta soke matsayin bauta a shari'ar ƙasar. Ban kawo wannan don in wanke masu igwa ba, su mulki suka zo nema. Na kawo ne don kar mu ma mu yanke labarin daidai inda ya yi mana daɗi.

Baba Malam:
Gaskiyarki, Hajiya, na karɓi gyara. Kuma abin tausayin, cikin waɗanda wutar ta ci a fadar akwai bayin da dokar ba ta riske su da rai ba.

Ɗan Ƙwallo:
Zaure ya yi nauyi, Baba a ba ni izini in kawo mai sauƙi, kuma na tantance shi kafin in kawo. Ranar 20 ga Maris 1966, saura wata huɗu a fara gasar cin kofin duniya a Ingila, kofin yana ajiye a wani baje kolin kan sarki a Westminster don jama'a su gani. Da rana tsaka, da masu gadi da komai, aka sace shi. 'Yan sanda suka duƙufa, har aka aiko da takardar neman kuɗin fansa. Bayan kwana bakwai wani mutum a kudancin Landan ya fito da karensa mai suna Pickles, karen ya tsaya yana shinshinar wani ƙunshi a gindin shinge. Aka buɗe tsohuwar jarida, sai ga kofin duniya.

Kofin nan ya sha wuya. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani jami'in ƙwallo ɗan Italiya, Ottorino Barassi, ya ɓoye shi a kwalin takalmi a ƙarƙashin gadonsa. A 1970 Birazil ta ci karo na uku aka bar mata shi dungurungum. A Disambar 1983 aka sake sace shi a Rio de Janeiro. Akwatin da aka sa shi gilashin gabansa harsashi ba ya huda shi, amma bayansa katako ne, ta nan ɓarayin suka ɓalle. Har yau ba a gan shi ba. Kowa yana cewa "an narkar da shi" kamar yana wurin, alhali zato ne.

Ɗan Bidiyo:
Na karanta duka, kuma maganar Zanzibar ta kashe mini jiki, domin na taɓa yin bidiyo a kanta, da kiɗan ban dariya a ƙasa. Yau zan sauke shi.

Amma Baba, ban sallama gaba ɗaya ba. Maroƙa da mawaƙan fada fa? Su suka riƙe mana sunayen sarakuna da yaƙoƙi shekaru aru-aru kafin a rubuta, kuma kowa ya san suna zuzutawa. Sarki ya kashe goma, su ce dubu. Da ba su zuzuta ba, da waƙar ba ta zauna a baki ba, da sunan ma ya ɓace. Me ya sa nasu ya zama gado, namu ya zama laifi?

Baba Malam:
Tambaya mai kyau, ɗana, kuma na ji daɗi da ba ka sallama don kunya ba. Mai sauraron kirari ya san kirari yake ji. In aka ce wa sarki giwa, ba wanda ke leƙa bayansa neman haure. Mai tatsuniya kuma tun daga bakin ƙofa take shelanta kanta da "ga ta nan, ga ta nanku", in ta gama ta ce ba don gizo ba da ta yi ƙarya. Ba ta yaudari kowa ba. Bidiyonka kuwa da me yake farawa? "Ko kun san cewa..." Wannan rigar malami ce. Wanda ya sa ta ya ɗauki alkawarin cewa abin da zai faɗa haka yake. In kana son zuzutawa, sa rigar maroƙi, ba mai zarginka, ni ma zan saurara in ji daɗi.

Ɗan Bidiyo:
Wannan ta shige ni. Sai dai har yanzu matsalar daƙiƙa ukun tana nan, ba ta tafi ba.

Ɗalibar Ilimi:
Yaya, to ka fara da ramin jirgin mana. Kan raƙumar dawa ya leƙo daga tsakiyar jirgi a tsakiyar teku. Ni da na gani ba zan wuce ba.

Baba, ka yi alkawarin dawowa kan mutumin da ya rako ta, kar dare ya yi.

Baba Malam:
Ban manta ba, 'yata. Su biyu ne suka taho da ita daga Masar, Hassan da Atir. Hassan Balarabe ne makiyayi, shi ne babba, bayan an isa Paris ya koma gida. Atir ɗan Sudan ne, ƙasarsu ɗaya da raƙumar, kuma a da bara ne a gidan jakadan Faransa a Masar, Bernardino Drovetti, wanda shi ya kitsa maganar kyautar tun farko. A zane-zanen lokacin za ku gan shi da rawani, riƙe da igiya, a gefen hoto. Duk kilomitocin nan da ake yaba wa raƙuma da masanin dabbobi, shi ma da ƙafarsa ya taka su.

Da aka gama biki, sarki ya koma fadarsa, masani ya koma littattafansa, yayin gashin ya wuce, a 1830 ma aka tumɓuke sarkin. Atir ya zauna da ita a gidan dabbobi na Jardin des Plantes shekara da shekaru. Kullum shi ke wanke ta, ya taje mata jiki a gaban 'yan kallo. Ita kuma tana nan har yau, an cusa fatarta, tana tsaye a gidan adana kayan tarihi na garin La Rochelle.

Ɗan Bidiyo:
Baba, shi a ina yake kwana? Ina so in san yadda zan nuna shi.

Baba Malam:
A ɗakinta. An kafa masa wani ɗan dandamali can sama kusa da rufi, sai ya hau tsani kafin ya kai. An yi shi daidai tsayin kanta, yadda in dare ya yi ta miƙo wuya, hannunsa zai kai ya sosa mata.